DA ƊAN GARI AKAN CI GARI: MATSAYIN MASU BI CIKIN AIKIN RAYA ƘASA

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu, tsohon malamin makaranta, ya gabatar a zaman shugabannin ikkilisiyoyi na yankin Sifawa, Boɗinga da Shagari. Mun buga shi dukansa bisa ga roƙon waɗanda ba su sami zuwa ba.)

  An ce in yi magana a kan yadda za mu sa hannu cikin ayyukan ci gaban garuruwan da muke zaune, da kuma yadda za mu riƙe asalinmu da al'adunmu muna cikin yin haka. Ni ba ɗan siyasa ba ne. Alli na riƙe har na yi ritaya, saboda haka in kun ji na tsawaita, ku yi mini haƙuri, halin malamai ne.

ABIN DA YA FARU DA NI

Zan fara da laifin kaina, domin kada wani ya ce na zo in nuna masa yatsa.

Shekarun baya famfon tuƙa-tuƙa na unguwar da nake zaune ya lalace. Mai unguwa ya sa aka yi shela cewa magidanta su hallara bayan la'asar, za a yi shawara a kan gyara, kuma akwai labarin za a haƙa wani sabo. Mu masu bi gida biyar ne a unguwar. Ranar ta zo daidai da ranar koyon waƙa, kuma a zuciyata na ce ko mun je ba za a saurare mu ba. Ko ɗaya daga cikinmu bai je ba. Aka yi karo-karo, ba mu ba da ko kwabo ba, don ba wanda ya zo ya tambaye mu, mu ma ba mu nemi mu ji ba.

Da masu haƙa suka zo, sai aka kafa sabon famfon can ɗaya gefen unguwa, nesa da gidajenmu. Matanmu da 'ya'yanmu suka shiga wahalar ɗaukar ruwa. Raina ya ɓaci, na sa babbar riga na tafi wurin mai unguwa, na ce, "Ranka ya daɗe, an nuna mana bambanci." Dattijon nan ya bar ni na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, kai ka koya ma ɗiyana karatu, ba ni ƙin ka. Amma randa munka yi taro ina kuke? Waɗanda sunka zo su anka tambaya, su sunka nuna wuri."

'Yan'uwa, na rasa amsa. Na dawo gida da kunya. Ban ce babu bambanci a ƙasar nan ba, zan zo kan wannan. Amma a wannan rana ba bambanci ya hana mu ruwa ba. Kujerarmu ce muka bari ba kowa.

WURIN DA MUKE ZAUNE

Ya kamata mu san darajar ƙasar da Allah ya ajiye mu. Sifawa ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi daga Gwandu ya zauna a Sifawa wajen 1810, yana karantarwa yana rubuce-rubuce, har 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Yana nan Sifawa ne aka raba kula da daula tsakanin ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya riƙe gabas, da ƙanensa Abdullahi, wanda ya riƙe yamma. Shi kuwa Abdullahi ya yi zama a Boɗinga. Maƙwabtanmu Musulmi suna alfahari da wannan tarihi, kuma duk wanda yake so ya zauna lafiya da su dole ya san shi, ya kuma girmama shi. Ba ka zama a gidan mutum ba ka san sunan kakansa ba.

In ka bi hanyar Jega ka wuce Boɗinga, sai ƙasar Shagari, garin Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a 2018. Mutane sun fi tunawa da mulkinsa, amma ni a matsayina na malami wani abu dabam nake tunawa. Bayan sojoji sun kifar da gwamnati a 1966, ya dawo gida, ya zama sakataren asusun raya ilimi na Lardin Sakkwato a 1967. Da gudummawar jama'a aka gina makarantu a garuruwa da dama ta wannan asusu. Talakawa ba su jira Kaduna ko Ikko ba. Wannan ya nuna mana cewa taimakon kai da kai tsohon abu ne a ƙasar nan.

Kuma tun kafin boko akwai gayya. Mai gona ya kira gayya, samari su fito da fartanya, makaɗi ya biyo su, mata su dama fura, gonar da za ta ci mutum ɗaya mako guda a gama ta kafin azahar. Haka ake yasar rijiya, haka ake gyaran hanya bayan damina, haka ake ɗaga jinka. Mata kuma suna da adashi da biki. Abin da turawa suke rubutawa a takardun ayyuka yau da manyan kalmomi, kakanninmu sun daɗe suna yi. Dokar gayya kuwa ɗaya ce: wanda bai fita ta wani ba, kada ya sa ran a fito tasa.

Mu ma muna da namu tarihin hidima. A shekarun 1930 ne mishan na SIM suka karɓi aikin jinyar masu ciwon kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, kamar yadda suka yi a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina. Mutanen da danginsu suka guje su, masu bi ne suka wanke musu miki. Yawancin waɗanda aka yi wa jinya ba Kirista ba ne, kuma ba a tambaye su addini kafin a ba su magani ba. Da wannan aka fara sanin mu a ƙasar Sakkwato. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, yau da me aka san mu?

ABUBUWAN DA SUKE HANA MU

Na farko, tsoro. Ba zan raina tsoron kowa ba. Dukanmu muna tuna ranar 12 ga Mayu, 2022, da aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, da tashin hankalin da ya biyo baya a cikin gari. Mun san wahalar samun fili da takardar mallaka domin gina majami'a. Mun san 'ya'yanmu da aka haifa a nan, iyayensu ma a nan aka haife su, amma sukan sha wuya kafin su sami takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Waɗannan gaskiya ne, kuma Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, wato CAN, tun kafa ta a 1976 take magana a kan irinsu. Tsarin mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin addini a sashe na 38, ya kuma hana nuna bambanci a sashe na 42. Za mu ci gaba da neman haƙƙinmu da ladabi, ba tare da gajiya ba. Amma ku lura da abu ɗaya. Ranar da rikici ya tashi, wanda yakan ɓoye ka a ɗakinsa shi ne maƙwabcin da kuka yi yasar rijiya tare, wanda ka je jana'izar mahaifinsa. Ɓuya ba ta sa a san ka, kuma wanda ba a sani ba shi ya fi saukin yi wa ƙazafi.

Na biyu, tunanin baƙunta. Da yawa daga cikinmu aiki ya kawo mu, ko kasuwanci. Wani daga ƙasar Zuru, wani daga Kudancin Kaduna, wani daga Filato ko Binuwai, wani daga ƙasar Ibo ko ta Yarabawa. Mutum ya yi shekara talatin a gari, ya aurar da 'ya'ya a nan, amma kullum cewa yake, "Ai ni gida zan koma." Yana aika kuɗin ƙungiyar ci gaban garinsu kowane wata, wannan abu ne mai kyau, amma makarantar da 'ya'yansa ke karatu a nan rufinta ya yaye bai taɓa ba da kwano ɗaya ba. Ku tuna da wasiƙar da annabi Irmiya ya aika wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila, a sura 29. Su ma suna ɗokin komawa gida. Amma abin da aka umarce su shi ne su yi gini, su yi shuka, su yi aure, su nemi alherin garin da suke ciki su kuma yi masa addu'a, domin zaman lafiyarsu yana ɗaure da na garin. In an faɗa wa bayi haka a ƙasar da ta ci su da yaƙi, balle mu da muke cikin ƙasarmu ta haihuwa?

Na uku, rarrabuwa tsakaninmu. Ba mu da yawa, amma wannan ɗarika ba ta san abin da waccan ke yi ba. Mai sujada da Hausa yana ganin mai sujada da Turanci mai girman kai ne, shi kuma yana ganin wancan baƙauye ne. In hakimi yana so ya yi magana da Kirista, wa zai kira? In muka je masa da baki uku, wanne zai ɗauka? Tsintsiya ba ta shara sai an ɗaure ta.

ASALINMU DA AL'ADARMU

Yanzu bari in yi magana da 'yan'uwana Hausawa da Fulani masu bi, waɗanda ba su da wani gida da za su koma. Sau da yawa an sa mu ji kamar wanda ya bi Almasihu ya fita daga Hausa. Wasu a waje suna faɗa mana haka, wasu kuma a cikin ikkilisiya suna mamaki in sun ga Bahaushe da Littafi Mai Tsarki. Wannan ne ma ya sa aka kafa Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, domin Hausawa, Fulani da Barebari masu bi su tsaya da sunansu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, kuma da Hausa miliyoyin masu bi ke sujada a Arewa kowace Lahadi. Harshen nan namu ne kamar yadda yake na kowa.

Amma mu ma da namu laifi. Wasunmu sun ɗauka cewa zama Kirista shi ne barin babbar riga da hula, barin durƙusa wa manya, barin kunya da kara. Yaro ya je makaranta ya dawo yana miƙa wa dattijo hannu a tsaye. Ba a koya masa wannan daga Littafi ba. Abin da ya saɓa wa bangaskiya, kamar tsafi da camfi, mun bar shi, ba ma komawa. Amma gaisuwa, girmama na gaba, zumunci, karɓar baƙo, rufin asirin maƙwabci, waɗannan dukiya ce, kuma su ne mabuɗin zauren hakimi. Wanda ya iya gaisuwa ya gama rabin roƙonsa.

Ku kuma 'yan'uwa da kuka zo daga wasu wurare, ina roƙonku abu biyu. Ku koya wa 'ya'yanku harshen iyayensu, ko C'lela ne, ko Tibi, ko Ibo, ko Yarabanci, domin yaron da bai san tushensa ba kowace iska tana ɗaukarsa. Sa'an nan ku koyi Hausar wurin nan da ladabinta. Riƙe naka da girmama na mai masauki ba sa karo da juna.

Har sana'o'in ƙasar nan ma asali ne. Jar akuyar Sakkwato fatarta ta yi suna har Turai tun zamanin fatake masu ratsa Sahara. Jima, dukanci, noman albasa da shinkafa a fadama, duk hanyoyin abinci ne. Matasanmu da yawa suna riƙe da takardar shaida suna jiran aikin ofis da ba ya zuwa, alhali maƙwabcinsu yana fitar da buhunan albasa kowane rani. Ba ƙasƙanci ba ne ɗan fasto ya koyi noman rani.

DAMUWAR DA TA SHAFI KOWA

A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto a kan talauci ta fuskoki da yawa, wato rashin ilimi, lafiya, ruwa, tsabta da aikin yi. Ta ce kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna cikinsa, mutum miliyan 133. Jihar Sakkwato ce ta fi kowace jiha, da kashi 91 cikin 100. 'Yan'uwa, wannan lissafi bai ware Musulmi da Kirista ba. Zazzaɓin cizon sauro ba ya tambayar sunanka. Mace mai naƙuda da aka ɗora a babur cikin dare, ko Maryamu take ko Mariya, hanyar ɗaya ce, ramukan ɗaya ne. Shaye-shayen ƙwayoyi ya shiga gidajensu, ya shiga namu, har cikin ƙungiyar mawaƙa, kada mu ruɗi kanmu. 'Yan bindiga da suka addabi gabashin jihar nan, wajen Isa da Sabon Birni, sun kori dubban mutane daga gidajensu, kuma fitinar ba ta tsaya can kaɗai ba. 'Yan mata ana cire su daga makaranta saboda talla ko aure da wuri, mu ma akwai iyaye a cikinmu da ke cewa kuɗin makaranta na namiji ne tukuna.

Tarihi ya koya mana abin da ke faruwa in aka yi aikin ci gaba ba tare da jin ta bakin jama'a ba. An gama madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978, lokacin tana cikin Jihar Sakkwato. Manoma suka rasa gonakinsu, suka yi ta kukan diyya, suka tare hanyoyi. A watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sanda, aka yi asarar rayuka masu yawa. Aikin da aka yi domin manoma ya zama makokinsu, saboda ba a zauna da su ba tun farko.

Ga kuma misalin abin da ke faruwa in aka haɗa kai. A 2003 an yi gardama mai zafi a Arewa a kan allurar shan inna, cutar ta sake bazuwa. Da sarakuna, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar wanda ya hau gado a 2006, da malamai, da masu unguwanni, da mata masu bi gida-gida suka sa hannu, sai abin ya juya. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Kuɗi da magani suna nan tun da, abin da ya ƙaru shi ne yardar jama'a.

ƘOFOFIN DA KE BUƊE

Wani zai ce, to Malam, ta ina za mu shiga? Ga su.

1. Kwamitin kula da makaranta. Tun tsakiyar shekarun 2000 gwamnati ta tsara cewa kowace makarantar firamare ta gwamnati ta sami kwamiti na iyaye, malamai, mata da shugabannin gari. Muna da malamai masu ritaya da ke zaune a gida. Ku je wurin hedimasta ku ce kuna so ku taimaka.

2. Kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ke sa ido a kan asibitin sha-ka-tafi. Muna da nas-nas da ungozomomi a kowace ikkilisiya. Muryarsu tana da nauyi a irin wannan zama.

3. Ƙungiyoyin manoman fadama da na gama kai. Tallafi da rance ba sa zuwa ga mutum ɗaya, sai ƙungiya mai rajista. Kada mu kafa tamu mu kaɗai in akwai ta gari da za mu iya shiga.

4. Ƙaramar hukuma. Jadawali na 4 na tsarin mulki ya lissafa ayyukanta, a ciki akwai kasuwanni, tashoshin mota, hanyoyin cikin gari, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, da maƙabartu. Ku lura da wannan na ƙarshe. Neman filin binne matattunmu ba alfarma ba ce, aikin ƙaramar hukuma ne a rubuce. Kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Hukunci a takarda dabam, aiki da shi dabam, amma ya ba talaka hujjar tambayar kansilansa ina kuɗi suka tafi. Wanda ba shi da katin zaɓe kuwa, da wane baki zai tambaya?

SHAWARWARINA

Ina roƙon wannan zama ya duba abubuwa biyar.

Ɗaya, kowace ikkilisiya ta naɗa dattijo ɗaya da mace ɗaya waɗanda aikinsu shi ne halartar duk taron da mai unguwa ko hakimi ya kira, su kawo rahoto. In ranar ta yi karo da shirin ikkilisiya na tsakiyar mako, a ɗaga shirin.

Biyu, mu fitar da wakilai na haɗin gwiwa da za su riƙa kai gaisuwa ga hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, da salla da lokacin rasuwa, ba sai muna da kuka kaɗai ba.

Uku, a ware wani abu daga baikon godiya na kaka domin aiki ɗaya a shekara da zai amfani unguwa duka, ko gyaran famfo, ko benci a makaranta, ko cike rami a hanya. Kada a kafa allo da sunanmu, kada kuma a mai da shi tarko. Maƙwabtanmu ba yara ba ne, sun san taimako na gaskiya.

Huɗu, matasanmu su fita duk gayyar da aka kira, su riga kowa zuwa.

Biyar, kada a cire yarinya ko ɗaya daga makaranta a cikinmu ba tare da dattawa da Zumuntar Mata sun sani sun nemi mafita ba.

KAMMALAWA

Ku koma gida ku karanta Nehemiya sura 3. Sura ce ta sunaye, da yawa sukan tsallake ta. Amma ku duba yadda aka gina garun Urushalima: firistoci, maƙeran zinariya, masu haɗa turare, 'yan kasuwa, har da wani mai mulki da 'ya'yansa mata, kowa ya kama sashensa, da yawa daidai ƙofar gidansu. An kuma rubuta waɗansu manya da suka ƙi sa hannu, sunan garinsu yana nan har yau.

Game da famfon nan da na ba ku labari, bayan shekara biyu ya lalace shi ma. Da aka yi shela, ni na fara isa ƙofar mai unguwa, da tabarmata. Aka ce ana neman wanda zai riƙe littafin kuɗi, sai wani Alhaji ya ce a ba Malam, ya iya lissafi kuma ba ya cin amana. Shekara shida na riƙe littafin nan. Da aka sami damar haƙa na uku, ba ni na roƙa ba, su da kansu suka ce a kai shi gefenmu.

Ban ce kullum haka za ta kasance ba. Wani wuri za ku je a ƙi ku, wani wuri a yi kamar ba a gan ku ba. Ku sake komawa. Allah ya ba shugabanninmu hikima da adalci, ya ba ƙasar Sakkwato zaman lafiya, ya sa mu zama masu amfani a inda ya ajiye mu.  Ubangiji ya albarkace ku duka. Amin.